Ina so in mayar da keken tserena faranti ɗaya a gaba, wa ya taɓa yi?

Ɗan Tumfure:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masu keken tsere da masu gyara ku ɗan tsaya ku ba ni shawara kafin in je in zubar da kuɗina a banza.

Kekena ɗan kwatano ne, bodin alminiyam, shekara biyu ke nan da na saye shi. Kayan giyarsa Shimano Sora ne mai tara a baya, faranti biyu a gaba, wato masu haƙoran nan da feda ke juyawa, babban haƙori 50 ƙaramin 34, kaset ɗin baya kuma, wato jerin haƙoran da ke jikin tayar baya, na zauna na ƙirga da yatsa, ƙaramin 11 babban 28. Sati uku da suka wuce ina gangarowa daga Tumfure zuwa cikin garin Gombe da sassafe wata akuya ta faɗo min titi, garin kauce mata na ci ƙasa ta ɓangaren hagu, ni kam alhamdulillahi gwiwar hannu ce kawai ta goge amma shiftar hagu, hannun da ke canza giyar gaba yake kuma kama birki, ta tafi. Birki na kamawa lafiya lau, sai dai in ka tura giyar ba ta riƙewa, ka ji ƙas ta dawo. Mai gyara ya buɗe ya ce wani ɗan abu ne ya karye a ciki kuma ba a sayar da shi shi kaɗai. Na sa an tambayo min a Kano da Jos, ba wanda ya yarda ya raba ya sayar min da ta hagu kawai, kuɗin guda biyun kuwa da aka faɗa min dariya na yi na kashe waya.

Toh yanzu sarƙa ta maƙale a kan ƙaramin faranti, ina ta wulwula ƙafa kamar fanka, jiya wani yaro a kan keken ɗiban ruwa ya wuce ni har yana waigowa.

Shine wani abokina ya ce ai yanzu ma Turawa sun fara cire giyar gaba gaba ɗaya, faranti ɗaya suke barwa. Tambayata, in na kwance giyar gaba da ƙaramin farantin na bar 50 ɗin shi kaɗai ya wadatar? Ko sai na sayi wani? In sai na saya mai haƙori nawa? Kuma sarƙa ba za ta riƙa faɗuwa ba? Hawana dai kullum daga gida zuwa cikin gari wajen aiki in dawo, kun san dawowar nan hawa ne, sai ranar Asabar mukan fita mu shida bakwai hanyar Dadin Kowa, sau biyu ko uku a shekara kuma mukan nufi Kaltungo. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mai Sifana, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya kiyaye gaba, akuya kam ta kayar da waɗanda suka fi ka daɗewa a kan keke.

Abin yana yiwuwa, na yi wa mutane kusan biyar a shagona, amma kar ka je ka kwance komai tukuna. Abu na farko juya keken ka kalli bayan farantin. In ka ga notuna ne suka riƙe shi, masu cin alanki lamba 5, toh muna da magana. In kuwa ka ga an daddaƙe shi ne da rabit kamar tukunya, wannan ba ya rabuwa, sai dai a canza hannun fedar gaba ɗaya. Sora dai da notuna yake zuwa, amma kayan kwatano ba ka sanin abin da mai shi na farko ya sauya, shi ya sa na ce ka duba da idonka.

Maganar barin 50 shi kaɗai, ba na ba ka shawara, dalili biyu. Na ɗaya ƙafarka, 50 da 28 a hawan Tumfure da ranar Gombe bayan ka taso daga aiki, wallahi sati ɗaya za ka tsani keken. Na biyu kuma shi ne wanda mutane ba sa ganewa sai sun sha wahala. Ɗauki tocila ka haska haƙoran farantin nan naka, za ka ga wasu gajeru ne kamar sun cinye, wasu an fere su a karkace, ta ciki kuma akwai 'yan ƙusoshi da ɗan tudu-tudu. Ba lalacewa suka yi ba, haka aka ƙera shi da gangan don sarƙa ta hau ta sauka cikin sauƙi. Wato faranti ne da aka koya wa sakin sarƙa. Abin da ke tsare ta kawai shi ne ɗan kejin giyar gaba da ya rungume ta. Ka cire kejin, ka faɗa rami ɗaya a titi, sarƙa ta yi tsalle ta koma gefe, ƙafa ta tafi a banza, in kana tsaye a kan feda lokacin sai dai Allah ya tsare.

Farantin da ake sa wa wannan aikin daban ne, ana ce masa naro-wayid, haƙori ɗaya siriri na kusa da shi mai kauri, haka har ya zagayo. Ka kalli sarƙarka daga sama za ka ga ramukanta ma haka suke, ɗaya matsattse ɗaya mai faɗi. Sai mai kaurin ya cika mai faɗin, siririn ya shiga matsattsen, ba ta da wurin yin rawa gefe da gefe, haƙoran kuma sun fi tsayi. Shi ya sa ba za ka taɓa ganinsa da 41 ko 43 ba, dole lissafin ya tashi bibbiyu, 38, 40, 42, 44. Kuma in ka sa shi ka manta da canza giya a gaba har abada don ba ya sakin sarƙa.

Wajen saye ga inda ake cin kuɗin mutane. Ramukan notin ba ɗaya ba ne a kowane keke. Mai 50 da 34 faɗin da'irar ramukansa milimita 110 ne, tsofaffin masu 53 da 39 kuma 130, su ba sa karɓar ƙasa da haƙori 38. Bayan haka ƙirga yatsun da suka riƙe farantin, in biyar ne a rabe daidai abin da sauƙi, in huɗu ne irin sababbin Shimano ba a rabe suke daidai ba, sai ka nemi wanda aka rubuta nasu ne. Wani ya kawo min mai rami huɗu na keken dutse mai 104 ya ce wai in ɗan faɗaɗa ramin da fayil, na ce masa Malam ni ba na aikin da za a zo ana min Allah ya isa.

Sai notuna. Naka an yi su ne don su matse faranti biyu, in ka cire ɗaya za su yi tsawo, kana ɗaurewa har ƙarshe farantin na girgiɗi. Ko ka sayi gajeru, ko ka sa wosha a gurbin wanda ka cire, ko ka ɗan rage macen notin da fayil. Ni abin da na fi so, in tsohon babban farantin ya riga ya cinye, sai in kai shi wajen mai walda a goge haƙoran duka ya zama sumul, in mayar da shi waje a matsayin katanga, sabon ya zauna a ciki. Ka ga notunanka sun yi daidai, sarƙa ba ta faɗuwa waje, ƙafar wando ma ta huta. Amma a duba kar 42 ɗin ya taɓa ƙarfen bodi da ya tafi taya ta baya, wasu kekunan ba su da fili a nan, in ko takardar kwali ba ta wucewa tsakani toh mayar da shi waje.

Ɗan Tumfure:

Kai Oga na gode, Allah ya ƙara basira. Na duba yanzun nan, notuna ne, yatsu biyar. Wallahi da ni a zatona haƙoran nan gajeru cinyewa suka yi har ina cewa an cuce ni. Toh amma haƙori nawa zan nema?

Malamin Lissafi:

Salam. Oga Mai Sifana ya gama da ɓangaren ƙarfe, bari ni in shigo da alli, don wannan tambayar ta haƙori nawa ba a amsa ta da ka, kuma duk wanda ya ce maka sayi kaza bai tambayi inda kake hawa ba kar ka saurare shi.

Lissafin ɗan firamare ne. Ka raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne sau nawa taya ke juyawa in ka zagaya feda sau ɗaya. A kekenka mafi nauyi 50 a raba da 11, ya ba da 4.55. Mafi sauƙi 34 a raba da 28, ya ba da 1.21. Duk rayuwarka a kan keken nan tsakanin waɗannan biyun take.

Yanzu kai kana ganin giya 18 gare ka za a mayar da kai 9, ko? Ba haka ba ne. In kaset ɗinka irin wanda aka saba ne, 11, 12, 13, 14, 16, 18, 21, 24, 28, toh 50 da 16 yana ba da 3.13, 34 da 11 yana ba da 3.09, abu ɗaya ne. 50 da 18 da kuma 34 da 12, abu ɗaya. 50 da 21 da 34 da 14, haka. 50 da 24 da 34 da 16, haka. Huɗu sun tafi, saura 14. Kuma ƙaramin farantin nan gaba ɗayansa giya uku kacal yake ba ka da suka fi na babban sauƙi, wato 21, 24 da 28. Saboda ukun nan kake ɗauke da shifta da waya da giyar gaba. Amma fa ukun nan su ne ke kai ka gida da yamma, shi ya sa ba a raina su.

In ka bar 50 kaɗai mafi sauƙinka ya zama 1.79. Daga 1.21 zuwa 1.79 ba wasa ba ne, kusan rabi aka ƙara maka a kan nauyin kowace taka.

Toh a faranti ɗaya dole ka zaɓi inda za a rage maka, sama ko ƙasa, kamar zane ne da bai kai ba, ka rufe kai ƙafa ta fito. In ka sa 42 ka canza kaset zuwa 11-34, mafi sauƙi 1.24, kusan yadda ka saba ke nan ƙafarka ba za ta ji bambanci ba, mafi nauyi kuma ya sauko 3.82. In ka sa 44 da 11-36 ka samu 1.22 da 4.0. In 40 ne da 11-34, 1.18 da 3.64.

Me 3.82 ke nufi a titi? Tayar keken tsere mai lamba 700 da faɗi 25 tana cin kamar mita 2.1 a juyi ɗaya. In kana juya ƙafa sau 90 a minti, 42 da 11 zai kai ka kilomita 43 a awa. 50 da 11 kuwa kusan 52. Yanzu tsakaninka da Allah sau nawa kake taka feda kana 50 a awa in ba a gangara ba? A gangarar shiga Gombe ma da 'yan Keke Napep ɗin nan da ke tsayawa ba sigina, birki kake riƙewa ba feda ba.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. 50 da 13 yana ba da 3.85, wato daidai yake da 42 da 11. Ka sa a ɗaure maka sarƙa a kan babban faranti, ka fita Asabar ɗin nan da abokanka ka haramta wa kanka ƙananan biyun na baya, 11 da 12. In ka dawo ba ka yi kewarsu ba, 42 naka ne. In ka ji yatsanka na ƙaiƙayi yana neman su, nemi 44.

Abin da ni ya fi damuna da na gwada na wani ba saman ba ne ko ƙasan, tsakiyar ce. Kaset mai tara 11-34 yana tafiya ne 11, 13, 15, 17, 20, 23, 26, 30, 34. Da 42 a gaba, a juyi 90 ɗin nan, 11 na ba ka 43, 13 na ba ka kusan 37. Tsakaninsu ba komai. Kai kaɗai ba za ka damu ba, sai ka rage ko ka ƙara yadda ranka ke so. Amma a cikin ayari in na gaba ya kafa gudu a 40, kai sai ka zaɓa, ko ka yi ta wulwulawa a 13 ko ka yi ta dannawa a 11, ba ka da ta tsakiya. Da hunturu kuwa in kun nufi Dadin Kowa iska na dukanku a fuska wannan matsalar ba ta tasowa don ba mai kaiwa 40, a dawowa ne iska ta koma bayanku za ka gane kurenka.

Tsohon Mai Rali:

Yaran zamani kuna ba ni dariya. Rali ɗin da mahaifina ya hau daga Kumo zuwa Gombe da buhun gero a kariya faranti nawa gare shi? Ɗaya a gaba ɗaya a baya, in tudu ya yi tudu ka sauka ka tura, ba wanda ya mutu. An zo an ƙara muku biyu, an ƙara uku, kun biya, yanzu an dawo da ku ɗaya an sa masa suna da Turanci za ku sake biya.

Ni shawarata ɗana ka bar giyar gabanka inda take, a ja wayar a ɗaure, ka ci gaba da hawa har Allah ya kawo wani keken kwatano da ya karye a cire maka shifta a ciki. Haƙuri shi ma kayan gyara ne.

Mai Sifana, Bauchi:

Baba ranka ya daɗe gaskiyarka ta wani wajen, amma Rali sarƙarsa a miƙe take sambal kuma a ɗaure tam, ba ta zuwa ko'ina, faɗinta ma ya fi. Wannan kuwa tana yawo a kan haƙora tara, ga sifirin ne kawai ke jan ta, shi ya sa take tsalle.

Amma maganar barin giyar gaba ɗin nan da ka yi, ita ma dabara ce mai kyau ko bayan an sa sabon farantin. Ƙanena in ba ka samu naro-wayid ba ka samu 42 na gama-gari, kar ka cire kejin, cire wayar kawai, ka sauko da shi daidai tsayin farantin, ka ɗaura 'yan sukurorin nan biyu masu L da H har kejin ya tsaya cak a kan sarƙa. Ya zama mai gadi ke nan. Zai ɗan riƙa gogawa in kana can ƙarshen kaset, sai ka haƙura ko a ɗan buɗa bakinsa. Shi kuma gwajin da Malam ya ce, sukurun L sau da yawa ba ya kai tsayin da zai tura keji har kan 50, sai ka zare wayar daga shifta, ka tura kejin da hannu, ka ja wayar ka matse ta da wosha a ƙarƙashin notin da ke riƙe mazaunin gorar ruwa. Ba kyan gani amma tana riƙewa.

Abin da na manta ban faɗa ba, kuma a nan ne kuɗin yake, giyar baya. Kaset mai 34 zai shiga tayarka ba matsala, mazaunin kaset mai 8 da mai 9 da mai 10 na Shimano ɗaya ne. Amma giyar baya ta keken tsere, musamman tsofaffin masu gajeren hannu, yawanci a 27 ko 28 suke tsayawa, in ka tura ta kan 34 ɗan gargaren sama zai riƙa karo da haƙoran kana jin gurrr. Akwai sukuru a bayanta da ake ce wa B, yana janye ta ƙasa kaɗan, ɗaura shi ka gani, wani lokaci ya kai 32 lafiya. Sora na baya-bayan nan mai dogon hannu yana ɗaukar 34 daga kamfani. In taka ta ƙi, ga sirrin da ke cetonmu a nan, giyar baya ta keken dutse ta Shimano mai 9, irin su Acera, Alivio, tsohuwar Deore, tana aiki da shiftar keken tsere mai 8 ko 9, har da mai 10 in ban da samfurin Tiagra 4700, don jan wayarsu ɗaya ne. Kuma kekunan dutse 'yan kwatano sun fi na tsere yawa nesa ba kusa ba, ba za ka rasa ba. Amma mai 9 fa na ce. Kar wani ya liƙa maka ta keken dutse mai 10 ko 11 ya ce ai ta fi, har da kuloci gare ta. Eh kulocin na hana sarƙa rawa, gaskiya ne, sai dai jan wayarta daban, za ka kwana kana saiti ba za ta zauna ba. Kuma wasunsu ba su da ɗan abin murɗa waya a jiki, sai a sa maka na kan hanya a jikin bututun wayar, in ba haka ba ba ka da wajen saiti.

Sarƙa kuma sayi sabuwa kawai, kar ka ɗora tsohuwa a kan sabon kaset da sabon faranti, za ta cinye su. Wajen yanka, zagaya ta kan farantin da babban haƙorin baya ba tare da ka bi ta cikin giyar ba, inda suka haɗu ka ƙara ƙwaya biyu, wasu na ƙara huɗu, ni nakan fara da huɗu don ragewa ta fi ƙari sauƙi. In ta yi tsawo za ta riƙa dukan bodi tana faɗuwa, in ta gajarce ranar da ka shiga 34 za ta fizge giyar ta cusa ta cikin taya, na ga wannan da idona, har kunnen bodin ya karye.

Masu tsohon keke da ke karantawa, in na bayanku firiwil ne mai ɗaurawa da zare, irin mai 7 da ke farawa daga 14, ku kam kar ku sa 42, don 42 da 14 uku ne cif, za ku yi ta juya iska. Ku nemi 46 ko 48.

Mai Kallon Tsere:

Abokinka bai yi ƙarya ba amma bai gama faɗa maka ba. Kamfanin SRAM na Amurka ne ya tura abin nan kasuwa sosai, a 2012 ya fito da XX1 na keken dutse mai faranti ɗaya da 11 a baya, daga baya ya kawo shi kekunan titi. A keken dutse ya ci kasuwa gaba ɗaya, yanzu da wuya ka ga sabo mai tsada da giyar gaba. A tseren titi kuwa har yau ana ja. Wata ƙungiyar tseren keke ta ƙasar Ailan, Aqua Blue Sport, ta hau faranti ɗaya a kakar 2018, mahayanta suka yi ta ƙorafi, ƙungiyar ma ba ta ga ƙarshen shekarar ba duk da dai ba keken ne kaɗai matsalarsu ba. Amma a 2021 Lizzie Deignan 'yar Ingila ta ci tseren Paris-Roubaix na mata na farko a Faransa da faranti ɗaya, a kan titin duwatsun nan da ke girgiza mutum har haƙori.

Wanda ba zan manta ba shi ne tseren Giro na Italiya a 2023, saura kwana ɗaya a gama, Primoz Roglic yana hawan dutsen Lussari da faranti ɗaya, ya taka wani ɗan gargada a hanya sarƙa ta faɗi. Ya sauka ya mayar da ita aka tura shi, kuma duk da haka ya ƙwace rigar wanda ke kan gaba daga hannun Geraint Thomas ya ci gasar da daƙiƙa 14. Ka ga in ta faɗo wa wanda bakanikensa ke bin sa a baya, kai da ramukan hanyarmu kar ka ce ba za ta taɓa faɗuwa ba.

Kuma su fa 12 ko 13 gare su a baya, sannan kowace safiya ana canza musu faranti gwargwadon hanyar ranar. Kai 9 gare ka, kuma wanda ka ɗaura shi ne zai kai ka ofis shi ne zai kai ka Kaltungo. In don rage nauyi ne ma kar ka sa rai, abin da ka cire a gaba babban kaset zai dawo maka da kusan rabinsa, ragowar bai kai gorar ruwa ɗaya ba. Ribarka ta gaske ita ce ba sayen shifta, waya ɗaya ta ragu, kuma wajen wankin ƙurar hunturu ba lungun da datti ke maƙalewa tsakanin faranti biyu.

Ɗan Tumfure:

Salam jama'a, na dawo da bayani, ku yi haƙuri na ɗan ɓace.

Na yi gwajin Malam Asabar biyu, da wayar a ɗaure a notin gora yadda Oga ya ce. Gaskiya sau ɗaya kawai na nemi 12, shi ma a gangara ne. Amma dawowa gida a kan 50 ɗin nan, Baba ka yafe ni, sau biyu na sauka na tura kamar yadda ka ce, kuma mutanen unguwa sun gan ni.

Don haka na sayi 42 naro-wayid mai rami biyar 110 ta intanet, ya yi kwana goma sha ɗaya kafin ya iso tasha. Kaset 11-34 da sarƙa daga Kano. Giyar bayata ta ƙi 34 ko da an ɗaure B ɗin har ƙarshe, sai muka samu Acera mai 9 a jikin wani keken dutse da bodinsa ya tsage, ta hau lafiya, saiti bai ɗauki minti goma ba. A ciki farantin ya kusa taɓa bodi, don haka a waje muka sa shi da wosha, maganar katanga ba ta yiwu ba. Shiftar hagu tana nan tana aikin birki.

Ranar farko ina fita sarƙa ta ƙi zama, ta ɗare a saman haƙora tana ƙara, na ce shi ke nan an sayar min da jabu, ashe da na mayar da ita ne na ɗora matsattsen rami a kan haƙori mai kauri, na matsar da ita haƙori ɗaya ta faɗa ciki ɗaf. Tun daga nan sati uku ba ta faɗi ba, har da wani rami da na faɗa wajen kasuwa da ya sa gorata ta yi tsalle ta fita.

Hawan gida daidai yake da da. A dawowa daga Dadin Kowa kuwa abin da Malam ya faɗa ya faru, iska a bayanmu yaran suka buɗe wuta, ina ta tsalle tsakanin 11 da 13 har suka ba ni tazara sai a shingen 'yan sanda na kamo su.

Saura abu ɗaya Oga Mai Sifana. In ina kan 34 na juya feda baya, misali zan tashi a danja ina gyara ƙafa, sarƙa na sauka da kanta ta koma kan 30 ko 26, kuma a kan 34 ɗin akwai 'yar ƙara shhh da babu ita a sauran. Matsala ce ko haka abin yake?

Mai Sifana, Bauchi:

Madalla. Ba lalacewa ba ce, farantinka ne ke waje, in kana kan 34 sarƙa a karkace take sosai, ka tsaya a bayan keken ka kalle ta za ka gani. Woshar da ka sa, duba kar a ce tsakanin yatsun da farantin take, don a nan ƙara tura shi waje za ta yi, in zai yiwu ka ɗora shi ta ciki da siririyar wosha ka sake gwada kwalin nan a jikin bodi. In ya ƙi, bar shi haka, sabuwar sarƙa ce za ta ɗan saki nan da wata guda. Ka daina juya feda baya a kan 34, ɗaga tayar baya ka juya gaba. Kuma kar ka zuba mata baƙin mai don ƙarar ta tafi, da ƙurar nan kwana biyu zai zama kamar kwalta a tsakanin haƙoran masu kauri, ɗigo ɗaya na mai marar kauri a kowace ƙwaya ka goge da tsumma. In kun shigo Bauchi ka biyo da shi in gani.